Inda Na Ajiye Muryar Inna

Akwai maganar da take yawo a danginmu tun bayan rasuwar Inna, kuma na san ta iso kunnenku, don ni kaina na ji ta. A gidan suna ne a ƙauyen Darini, ina zaune a zaure, wata daga cikin gida ta ɗaga murya tana ba sauran mata labari, ba ta san katangar ba ta da kauri ba. Wai Malam Lawal ne ya goge bidiyon mahaifiyarsa saboda baƙin ciki da ƙanensa, ya hana jikoki ganin kakarsu. Ni! Wallahi ranar ko naman sunan ban iya ci ba, na sa takalmina na hau babur na dawo Batsari. Na yi shiru duk tsawon lokacin nan don kada a ce tsoho yana tonon faɗa da ƙanensa a bainar jama'a. To yanzu ido ya fara ja baya, gwiwa ta fara ƙin tashi, kuma ba zan yarda in kwanta a kabari da wannan ƙaryar a kaina ba. Ku 'ya'yana da 'ya'yan ƙanena Bishir, ku karanta ku ji yadda aka yi.

Ni ne ɗan farin Inna. Ku 'yan yanzu wannan ba ya nufin komai a wurinku, don na ga yadda kuke ɗaga ɗan fari sama kuna kiran sunansa a gaban surukai, har ku sa hotonsa a fuskar waya. A ƙauyenmu da ke bayan Runka ba haka aka yi mu ba. Mace ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, can na girma. Idan Inna tana son in ci abinci, sai ta fuskanci bango ta ce, a ce wa wancan tuwonshi na hucewa. Da na zama malamin makaranta na tashi daga wancan na koma Malam. Akwai wani mai sayar da gishiri da yake zuwa ƙauyen, shi ma Lawal, har ya daina zuwa Inna ba ta taɓa kiransa da komai ba sai mai sunan nan. Shi kuwa Bishir, autanmu, sunansa ba ya sauka daga bakinta tun safe har dare, yana da gemu yana kwanciya a cinyarta. Kada ku ɗauka ina jin haushi ne. Kunyar nan ita ce mutuncinta, da ita aka san ta, har tsofaffi suna ce wa amare su je su koyi kunya a wurin Inna.

Shekarar da zaman ƙauye ya gagara, na yi ritaya daga hedimasta ke nan. Ba zan ba ku labarin abin da ya kore mu ba, kun san shi, wasunku da idonku kuka gani. A bayan a-kori-kura aka kawo ta Batsari, tana rungume da ƙullin kayanta, turminta a gefe, don ta rantse ba za ta bar shi ba. Na ba ta ɗakin da ke kusa da madafi. Daga ranar na sake samun sabon suna, na zama maigidan nan. Dangi kuwa suka watse, wasu Katsina, wasu Kano, wasu Kaduna, wasu har Maraɗi. Kullum da la'asar Inna takan zauna a tabarma ta juya fuskarta wajen da ƙauyen yake, ta yi ta lissafa gidaje ita kaɗai: daga gidan wane sai na wane, rijiyar da ba ta ƙafewa tana bayan makera, tsamiyar nan ita ta raba gonarmu da ta su wance. Ina zaure ina jin ta. Wata rana sai abin ya faɗo mini a rai, cewa gidajen nan an ƙone wasu, ciyawa ta cinye wasu, garin bai rage a ko'ina ba sai a bakin tsohuwar nan. Ni na kawo shawarar a ɗauke ta a bidiyo. Wannan ma masu yawo da magana sun manta da shi.

Da Babbar Sallah aka yi ɗaukar. Bishir ya zo daga Kano, inda yake sayar da wayoyi, da wata waya mai kyawun hoto. Rabi, 'yata mai aikin ofis a Katsina, ita ta riƙe wayar, don ita ce Inna take sakewa da ita, su yi ta tsokanar juna. Ni kuwa na tattara na koma zaure, na san muddin ina tsakar gida ba za ta buɗe baki ba. Amma kafin in fita na ji abin da Inna ta tambayi Rabi, kuma ina so ku riƙe shi da kyau.

"Wanga abu, in kin ɗauka, wa ka gani nai?"

"Mu kaɗai, Inna. 'Ya'yanki da jikokinki."

"In dai 'ya'yan gida ne, to. Ni ba ni son bare ya ji muryata."

Bishir yana tsaye a wurin, da kunnensa ya ji. Aka yi ta ɗauka har Sallah ta wuce, Inna ta zazzage musu ƙauyen kaf, da asalin kowane gida, da wanda ya haƙa kowace rijiya, da waƙar da suke yi in ana daka. Ranar da Rabi za ta koma sai ta same ni a zaure, ta durƙusa ta miƙo mini wayar, ta ce akwai wurin da ya kamata in gani. Inna ce tana ba da labarin wata shekarar yunwa, ina jariri, ƙyanda ta kama ni, ta goya ni a ƙafa zuwa Runka neman magani, ga rana, ga ciki babu komai. Labarin ya ɗauke ta har ta manta da wayar. Sai na ji ta ce:

"Na tsaya bakin rafi na ce, ya Allah, in ɗaya za ka ɗauka, ɗauke ni, ka bar min Lawal ɗina."

Tana faɗa ta dafe baki da hannu, ta zaro ido ta kalli ƙofar zaure, ta ja gyale ta rufe fuska.

"Wai! Mi na ce? 'Yar banza, kin sa ni magana!"

Rabi tana ta dariya a cikin bidiyon. Ni ban yi dariya ba. Na haura sittin a duniya, furfura ta gama cin kaina, kuma ranar ce na fara jin sunana a bakin uwata. Na miƙa wa Rabi wayar, na ɗauki buta na zaga na yi alwala, alhali lokacin salla bai yi ba.

Sai maganar yadda dangi za su gani ta taso. Bidiyon ya yi nauyi, in aka tura a zauren hira na dangi da muke da shi a waya sai ya ƙi tafiya, ko ya tafi a guntule. Rabi ta ce dole a ɗora shi a wani wuri a intanet, kowa ya shiga daga inda yake ya kalla. Ta dawo ƙarshen mako da kwamfutarta, muka shimfiɗa tabarma a zaure. Na ce mata ni ban san kan abin nan ba, amma na daɗe ina karɓar amanar 'ya'yan mutane a makaranta, na san abin da uba yake tambaya kafin ya bar ɗansa a wuri. Wa zai gan ta? Wa zai iya kwafe ta? Me za a ajiye a gefenta? In na ce a cire, za a cire?

Ta fara buɗe mini babban dandalin nan da kowa yake ciki, wanda ake cewa kyauta ne. Don ta nuna mini yadda yake, sai ta latsa wani wa'azi. Jama'a! Kafin malamin ya yi sallama, sai ga wata mata ta cika fuskar kwamfutar tana shafa man canza fata tana rausaya. Ta wuce, aka sako tallar caca. Na ce Rabi, kina nufin haka za a yi wa Inna? Kafin ta buɗe baki a sa wannan a gabanta? Ta ce haka suke samun kuɗinsu, Baba. Na sa ta gangara ƙasa inda mutane suke rubuta ra'ayinsu, na ga zagin da ko a tasha ban taɓa ji ba, a ƙarƙashin karatun Alƙur'ani fa. Na ɗauko tabarau na ce ta buɗe mini sharuɗɗansu. Turancin lauyoyi ne, dogo kamar ba zai ƙare ba, amma ban yi hedimasta a banza ba. Abin da na fahimta shi ne, da ka ɗora, ka ba su izinin su nuna wa wanda suka so, inda suka so. Na ce to ina kyautar take? Ka ba mutum uwarka ya kafa ta a kasuwa yana tara jama'a da ita, sannan ya ce maka bai caje ka ko kwabo ba? Na ce rufe.

Ta ce akwai wata hanyar a nan ɗin, a ɓoye bidiyon, sai wanda aka tura wa linki, wato adireshin wurin, shi zai gani. Na tambaye ta ko wanda aka tura wa zai iya tura wa wani. Ta ce ƙwarai. Na yi dariya. Danginmu? Mutanen da in aka sa ranar aure a asirce da hantsi, kafin azahar an ji a Safana? Na ce wuce gaba. Daga nan ta nuna mini wani wurin da ake biya duk shekara. Babu talla, babu wurin rubuta ra'ayi, babu maɓallin saukewa, sai da lambar sirri ake shiga, kuma in sabis ya yi rauni irin namu na Batsari yana rage nauyin hoton da kansa ya ci gaba da tafiya. Mai wurin in ya ce goge, an goge. Rabi ba ta ɓoye mini komai ba, ta ce duk da haka mai mugun nufi zai iya ɗaukar fuskar wayar da wata wayar. Na ce na ji, ɓarawo yana iya fasa ɗaki mai kwaɗo, amma wannan ba zai sa in kwana a bakin titi ba. Shi na zaɓa, daga fanshona na biya, ban nemi taimakon kowa ba.

Da Bishir ya ji sai ga wayarsa. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya fara.

"Haba Yaya, kai fa ka cika tsauri. Ga wurin da duniya duk take, ka je ka kulle Inna a ɗaki? Wa zai tsaya shigar da wata lambar sirri?"

"Wanda yake son ganin kakarsa zai tsaya."

"Yaya, abin da aka yi wa garinmu fa ya kamata duniya ta ji. Wasu garuruwan da aka nuna su, an kai musu ɗauki. Mu muna zaune muna kunya, kunya, har a manta an taɓa yin mu."

"Ka ji abin da ta ce. 'Ya'yan gida."

"Inna ta san mene ne intanet?"

"Ba ta sani ba. Shi ya sa mu da muka sani za mu tsare mata."

Sai ya faɗi abin da har yau ban manta ba.

"Kai dai ka samu an faɗi sunanka sau ɗaya, kana son ka mallake abin kai kaɗai. Inna ta kowa ce."

Ƙanen da na saya wa litattafai, na kai shi makaranta a bayan kekena! Na haɗiye, na ce masa an riga an kwafe mini komai a memori, don haka ya goge na cikin wayarsa. Ya ce to, Yaya. Na yarda da to ɗin nan, don ban saba da ƙanena ya ce to yana nufin a'a ba.

Abin ya yi aiki, wannan ma a rubuta. 'Yan Kaduna sun kalla, 'yan Maraɗi sun kalla, wasu su kira ni suna kuka don sun ji an ambaci gidan ubansu, wasu su kira suna mita sun manta lambar. Ni kuwa in zaure ya yi shiru bayan azahar, nakan sa abin kunne in nemo wurin rafin nan. Ban taɓa bari kowa ya gan ni ba, kuma ban taɓa nuna wa Inna na ji ba. Muka ci gaba yadda muke, ita tana ce wa bango a ce wa maigidan nan, ni ina amsa wa bango.

Ashe Bishir bai goge ba. Bayan girbin kaka ya ɗora labarin ƙauyen a wancan babban dandalin, har da shekarar yunwar. Zan yi masa adalci, ba don ya wulaƙanta Inna ya yi ba, yana ganin taimakon gari zai yi. To ɗaukin da ya yi mana alkawari, har yau muna jiransa. Dogon labarin tsohuwa a kan rijiyoyi da iyakokin gona, wa zai tsaya? Amma wani ɗan iska da ba mu san ko a wace ƙasa yake ba ya tsaya. Ya yanke daidai wurin da ta faɗi sunana ta dafe baki, ya sa masa kiɗa, ya sa masa sautin dariya, ya maimaita zaro idon nan har ya zama abin wasa. Addu'ar da ta yi a bakin rafi ya yanke ta ya yar, ya bar kalma biyu da dafe baki. Kafin ka ce me, samari sun fara ɗaura gyale suna kwaikwayonta. A ƙasa kuwa ana ta rubutu. Waɗannan su ce ku ga jahilci, uwa ta kasa faɗin sunan ɗanta. Waɗancan su ce ku ga tsohuwa marar kunya, a gaban duniya take kiran ɗan fari. Ta nan duka, ta can duka, a kan matar da ko hanyar tashar Batsari ba ta sani ba.

Wani tsohon abokin aikina ne ya ja ni gefe a kasuwa ya nuna mini. Na kira Bishir, abin da na faɗa masa ba zan rubuta shi a littafin da jikoki za su karanta ba. Nan take ya cire nasa, amma ina amfani? Abin ya riga ya haihu. Rabi ta yi ta aika ƙorafi, na'ura tana amsa mata da godiya, a cire wannan, wasu su tsiro. Na tara mutanen gida na ce duk wanda ya bari Inna ta ji, ni da shi ne. Na manta da maƙwabta. Ranar wata kasuwa, da hantsi, Inna tana zaune tana tsince wake a faifai, ni ina ɗakina, sai wata maƙwabciyarmu ta shigo da sallama da fara'arta, a ganinta albishir ta kawo.

"Inna! Ashe duniya ta san ki ba mu da labari? Ku zo ku ga Inna a waya!"

Kafin in sa takalmi na ji kiɗan nan. Sannan na ji muryar Inna, da ƙarfi, a tsakiyar gidana, tana kiran sunana, dariyar ƙarya tana bin bayanta. Na fito na tsaya. Hajara matata ta fizge wayar, amma an gama. Inna ta ajiye faifan a hankali, ta dafa bango ta tashi, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Daga ranar ta daina zaman la'asar. Ta daina zuwa barka, ta daina zuwa gaisuwar mutuwa, abinci sai Hajara ta yi ta lallashi. Akwai tsofaffin ƙauyenmu da suke zaman gudun hijira a nan Batsari, waɗanda a da suke tura mata amare, ɗaya ta zo dubiya ta ce mata cikin wasa, ashe haka kike a ɗaka? Na ji, kuma na ga bayan tafiyarta an fito da kwanon Inna ko taɓawa ba ta yi ba. Ku da kuke cewa ai abin bai kai ya kawo ba, ku tsaya ku duba. Matar nan ta bar gidanta, ta bar gonarta, ta bar kabarin mijinta. Abin da ta hau a-kori-kura da shi bai taɓu ba, kunyarta ce. Ita kuma aka karɓe a cikin gidana, aka raba wa 'yan duniya su yi dariya.

Wata safiya ta fito ta zauna a bakin ƙofarta. Ina tsugune ina gyara igiyar akuya, tsakanina da ita bai wuce in miƙa hannu ba. Ta kira Hajara.

"Hajara, ki ce ma maigidan nan ya ɗebe min muryata duk inda ya aje ta."

Na ce, "Ki ce mata namu a kulle yake, 'ya'yan gida kaɗai ke gani."

"Haka aka ce min da farko."

"Ki ce mata zan sa a yanke wurin nan kaɗai, a bar labarin gari saboda jikoki."

"Jikoki su zo su tambaye ni tun ina da rai. Ki ce duka."

Hajara tana tsaye a tsakaninmu, ko kalma ɗaya ba ta isar ba, hawaye kawai take yi. Inna ta gyara gyalenta, ta kalli bango, ta ƙara da cewa:

"Waɗancan na waje ban da iko da su. Shi dai na san yana jin magana."

To ku gaya mini, ku masu hikima, me zan yi? Na kira Rabi ta zo. Ta yi kuka, ta ce Baba a ɓoye kwafi ɗaya, Inna ba za ta taɓa sani ba. Na ce ita ba za ta sani ba, ni fa? An yaudare ta sau ɗaya don ba ta san intanet ba, ni ne zan yi na biyu? Ta buɗe kwamfutar. Raina ya so in ce ta kai ni wurin rafin nan in ji na ƙarshe, amma mai muryar ta riga ta ce a ɗebe, sai na haƙura. Abin ya tambaya ko na tabbata. Na sa yatsana na latsa da kaina, don kada wata rana a ce Rabi ce. Bidiyon ya tafi kuwa, kamar yadda suka yi alkawari, ko inuwarsa ba ta rage ba. Memorin na ba Hajara ta kai mata. Inna ta jujjuya shi a tafin hannu ta ce, wanga ɗan abu ne ya tona ni? Ta jefa shi a murhu, ta tura itace a kai.

Bishir ya zo daga Kano, ya zube a gabanta yana kuka, ya goge na wayarsa tana kallo. Kafin ya gama ba da haƙuri ta dafa kansa ta ce, tashi Bishir, ya wuce. Ina zaure ina ji. Shi ya ɓata, shi aka kira da suna aka shafa wa kai. Wannan ban riƙe shi ba, haka auta yake a ko'ina. Abin da na riƙe shi ne na baya. Da dangi suka shiga suka tarar babu bidiyo, suka fara tambaya, abin da Bishir yake ce musu shi ne, Yaya ne ya goge. Gaskiya ne, ni na goge. Amma ya tsaya a nan, bai taɓa ƙarasa musu ba, kuma ya ga ƙaryar tana girma a gabansa ya ja bakinsa ya yi shiru. Ni kuma ba zan iya bin gida gida ina ba da labarin abin da Inna take son a manta ba. Da damina ta kewayo Allah ya karɓi abarsa. Ba ta sake faɗin sunan ba. Abin da ta ce wa Hajara a kwanakinta na ƙarshe shi ne, Allah ya yi ma maigidan nan albarka.

Ga yadda aka yi ke nan. Na bincika, na tambaya, na zaɓi wurin da in aka ce goge zai gogu, kuma a duk duniya nan ne kaɗai ya gogu. Labarin rijiyoyi ya tafi, waƙar daka ta tafi, addu'ar bakin rafi ta tafi. Abin da ɗan iskan nan ya yanka kuwa yana nan da ransa, kyauta, ga duk mai so.

Bara na shiga bas zuwa Katsina, an kira mu tantancewar 'yan fansho. Kusa da ni wani magidanci ne, ba yaro ba, har da furfura a gemu, yana ta latsa waya da sauti a buɗe. Mun wuce rabin hanya sai na ji kiɗan nan. Tun kafin muryar ta fito na gane shi. Na juya da niyyar in fizge wayar in jefa ta taga, in gaya masa wace ce wannan, in gaya masa abin da ta ce kafin kalmomin nan biyu, in wanke shi tas a gaban mutane. Na ce:

"Bawan Allah."

"Na'am, Baba?"

Na buɗe baki, abin da ya fito daban ne.

"Ɗan mayar da shi baya."

Ya yi dariya ya matso da wayar kusa da kunnena.

"Ai Baba kowa sai ya maimaita. Tsohuwar nan akwai ban dariya."

Ya mayar. Na rufe ido na kasa kunne, ina tsince muryar uwata daga cikin kiɗa da dariyar mutanen da ba su san ta ba. Da ya ƙare na buga jikin motar na ce wa direba ya tsaya, akwai mai sauka.